Isifa na Kabache, Sarkin da Ya Ci Salga Ya Tarar da Kango

 

Kwanakin baya na zauna a rumfar wani dattijo mai sayar da goro a kasuwar Yendi, ana ta muhawara a kan shugaban gunduma. Kun san yadda abin yake a Gana: shugaban ƙasa ya aiko da suna, 'yan majalisar gunduma su jefa ƙuri'a, in mutum ya sami kashi biyu cikin uku ya hau kujera. Daga ranar kuwa, duk kwatar da ta toshe da famfon da ya ƙafe, a wuyansa za a rataya. Ana cikin haka sai wani saurayi ya ce, "Baba, to lokacin da Salga take Salga, wa yake riƙe da garin?" Dattijon bai yi gaggawa ba. Sai da ya gama yayyafa wa huhunsa ruwa, sannan ya ce, "Ɗana, wane riƙon kake tambaya? Na mai fata, ko na mai masauki?"

Amsar nan ta biyo ni har gida. Ita ta sa yau zan ɗauko muku labarin wani mutum da ya yi yaƙi don ya riƙe Salga, Allah kuma ya ba shi nasara, amma da ƙura ta lafa ya waiwaya, sai ya ga kango. Sunansa Isifa, wato Yusufu a bakin Gwanjawa, mai riƙe da sarautar Kabache, wanda ya zama Kpembewura, wato sarkin da Salga take ƙarƙashinsa, bayan yaƙin basasar 1892.

Sai an san garin kafin a san mutumin. Kakanninmu Salga suke cewa, ƙasar kuma Gwanja. Na san yaran yanzu za su yi murmushi saboda ɗaya ma'anar kalmar. Ku yi dariyarku, amma a wancan zamani in aka ce wane ya tafi Salga, mai jari ake nufi, wanda zai dawo gida a yi masa guɗa. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Jega bayan ruwa ya ɗauke. Madugu ne uban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya, malamin ayari yana riƙe da lissafi da addu'a. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi kowa riƙe wannan fatauci. A ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa Bargu, a sauka Sansanin Mango, a kwana nan Yendi, sannan a gangara Salga. Watanni ake yi a hanya, kowane sarki da gaisuwarsa, kowane kogi da kuɗin fitonsa. Akwai kuma hanyar arewa, wadda ta biyo ta ƙasar Gurma da Moshi ta faɗo Bawku da Gambaga, inda shanu da tumaki da jakunan Moshi suke biyowa.

Jakuna su zo ɗauke da kanwa da turkudi da rigunan Kano da jar fata, su koma da goro. Dalilin tsayawa a Salga kuwa shi ne Tonawa, wato Asante, ba sa barin baƙon arewa ya kutsa kurmi ya sayi goro a gindin bishiya. Su za su ɗauko shi a ka su haye kogin Volta, ku haɗu a kasuwa, a ƙirga wuri. Kurmi yana da goro, arewa tana da masu cinsa, Salga tana tsakani tana cin la'ada.

Akwai kuma hajar da ba ma son ambata, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Salga kasuwar bayi ce, babba kuwa. Daga wajen 1860 zuwa gaba, mayaƙan Zabarmawa a ƙarƙashin Alfa Hano, da Gazari, daga baya Babatu, suka dinga kwasar mutanen ƙasar Gurunshi, da yawansu kuma a nan aka sayar da su. Kabarin Babatu yana nan Yendi, duk mai so ya je ya gani. In wani ya ce Bahaushe ba shi da hannu a ciki, ku tambaye shi da wane harshe aka raɗa wa wuraren suna. Wurin da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa, Wankan Bayi ake ce masa. Inda ake yar da wanda ya mutu, Rafin Angulu. Ba Gwanjanci ba ne wannan, harshenmu ne.

To, gari irin wannan, mai cike da baƙi da dukiya da harsuna barkatai, wa yake riƙe da shi?

Abin da zai ba ku mamaki shi ne sarkin ƙasar ba ya kwana a cikinsa. Yana Kpembe, ɗan ƙaramin gari a gefe, tafiyar da ba ta kai awa guda a ƙafa ba. Nan fadar take, nan 'ya'yan sarauta suke, zuriyar mahayan da suka kafa daular Gwanja, waɗanda ake jingina su ga Ndewura Jakpa. A arewacin Gana kun san sarki a kan fata yake zama, don haka ake cewa wane ya hau fata. Fatar Kpembe kuwa gidaje uku ne suke da gādonta, abin da muke cewa ƙofofi: Lepo, da Singbung, da Kanyase. Ka'ida ita ce a yi karɓa-karɓa. In na wannan gida ya rasu, a matsa gida na gaba.

Wannan shi ne riƙon mai fata. Ƙasa tasa ce, babbar shari'a gabansa take zuwa, madugu in ya sauka sai ya kai gaisuwa. Amma aikin yau da kullum, wanda a zamanin nan za mu ɗora wa shugaban gunduma, yana hannun wasu mutane daban, su ne masu gida. Falke ya iso a gajiye da jakuna hamsin, mai gida ne zai ba shi ɗaki da turke, ya ajiye masa kaya, ya nemo dillali, ya yi masa tafinta da Batone, ya tsaya masa in an ba da bashi. In rigima ta tashi tsakanin baƙo da baƙo, a zauren mai gida ko gaban liman ake kashe ta. Kowace unguwa da manyanta: Wangarawa da tasu, Barebari da tasu, Dagombawa da tasu, Hausawa da tasu. Tarihin garin da malaman Salga suka rubuta yana ambaton wani Bakatsine, Malam Ceɗiya, cikin waɗanda suka fara kafa gida da masallaci a wurin. Hatta ruwan sha ba fada ce ta samar da shi ba. Salga gari ne mai ƙarancin ruwa da rani, sai aka dinga haƙa rijiyoyi a ciki da kewaye, har ake yi mata kirari da garin rijiya dubu. Gumin bayi ne ya haƙa da yawansu, wannan ma a faɗa.

Kun ga ke nan garin yana tsaye ne a kan yarjejeniyar da ba a rubuta ba. Mai fata ya tsare hanya ya hana 'ya'yan sarki taɓa kayan baƙo, mai masauki ya jawo baƙi ya ciyar da kasuwa, kowa ya ci rabonsa.

A cikin wannan duniya Isifa ya tashi, ɗan gidan Kanyase. Ya buɗi ido ya tarar da hannun Tonawa a kan ƙasarsa, don tun wajen 1745, zamanin Opoku Ware, Asante ta rinjayi gabashin Gwanja da Dagbon, ƙasar Dagombawa, ana kai mata gandu, cikinsa har da bayi, wakilanta kuma suna zaune a Salga suna sa ido. Yana raye a 1874 lokacin da labari ya iso cewa Turawan Ingila a ƙarƙashin Wolseley sun shiga Kumasi sun cinna mata wuta. Kpembe ta ga dama ta samu, aka far wa Tonawan da ke Salga aka karkashe su, aka ce an huta da bauta.

An huta ɗin, amma da tsada. Wanda ka kora shi ne mai goro. Asante ta karkatar da goronta zuwa Kintampo, fatake kuwa ba sarki suke bi ba, goro suke bi. A kudu maso gabas kuma bokan tsafin Dente na Krachi ya yi ƙarfi, ya zama shi yake buɗe hanya ya rufe. Can bakin teku jiragen ruwa suka fara ɗaukar goro zuwa Ikko, daga nan ya hau arewa ba tare da ya ga Salga ba. Lokacin da Bafaranshen nan Binger ya sauka garin a 1888, ya tarar da kasuwa tana ci, amma gari ya fara zubewa, ya kuma koka da ƙazantarsa. Ina so ku riƙe wannan, don kada mu ɗora wa Isifa abin da ba shi ya fara ba. Salga ta shekara goma sha takwas tana ramewa kafin ya ɗaga takobi.

Sai dai in nama ya ƙaranta, a nan ake ganin halin masu rabo. Gidan Kanyase ya daɗe ana tsallake shi. Fata tana kai da kawo tsakanin sauran, su suna kallo. Da sarauta ta sake faɗuwa, Napo na gidan Lepo ya hau, sai Isifa ya ce a wannan karon ba za ta saɓu ba. Ku lura, Kabache ba ita ce ƙololuwar sarautar gidansu ba, akwai Kanyasewura a sama. Amma shi ne mai zafin zuciya, shi ya ɗauki ƙorafin gidan a kansa. Ƙarfinsa kaɗai ba zai ja da Kpembe ba, don haka ya juya arewa ya nemi gudummawar Dagombawa da Nanumbawa. Suka amsa. A ƙarshen 1892 aka gwabza, rundunar Napo ta watse, shi kansa ya gudu bai kuma dawo ba, 'yan gidan Lepo suka bazu. Isifa ya hau fata.

Ni a ganina, a maganar hakki Isifa yana da gaskiya. Karɓa-karɓar da ba a karɓa ba sunanta ƙwace, kuma duk gidan da aka hana layinsa shekara da shekaru, wata rana sai ya nemi hanyar da ba ta layi ba. Inda lissafinsa ya karye shi ne wurin aron mayaƙa. Wanda ya zo taya ka yaƙi daga wata ƙasa ba albashi yake jira ba, ganima yake jira. Ganimar kuwa ba ta Kpembe, don me ke cikin Kpembe ban da bukkoki da tambura? Dukiya tana Salga, a ɗakunan masu gida, cikin kayan baƙin da aka ba su amana. Aka wawushe garin, wuta ta ci abin da ta ci. Amanar da aka yi kusan ƙarni ana ginawa ta rushe cikin 'yan kwanaki.

A shekarar nan ta 1892 wani malami ɗan Kano ya zo ya zauna a Salga, yana da shekara talatin da huɗu. An haife shi a 1858, mahaifinsa falken goro ne, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato da Gwandu. Shi ne wanda duniya ta sani daga baya da Alhaji Umaru na Kete-Krachi. Ya zo garin da ya ji labarinsa tun yana yaro, sai ga shi yana kallo ana kwashe gawa. Ya rubuta waƙoƙi da Larabci a kan abin da ya faru, cikinsu har da Tanbihul Ikhwan, inda bai tsaya ga 'ya'yan sarauta kaɗai ba, ya haɗa da mutanen garin da halayensu ya yi musu tatas. A lokacin akwai wani Bajamushe, Krause, wanda 'yan gari suke kira Malam Musa, shi ma yana zaune a Salga yana aika labari jaridun ƙasarsu. Saboda irin waɗannan shaidu ne yaƙin nan bai ɓace cikin tatsuniya ba.

Hausawa suna cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Galibi da raini ake faɗar haka, wai baƙo ba ya daɗewa. Isifa ya ga ɗaya fuskar karin maganar: in raɓa ta ɗauke, kabar ma ƙishi take ji. Masu gida suka kwashe iyalansu da almajiransu da bayinsu. Wasu suka nufi Yeji, wasu Kintampo, wasu nan Yendi, mafi yawa kuma Kete, kusa da Krachi, wadda ta tashi daga ɗan zango ta zama babbar kasuwa cikin 'yan shekaru. Malam Umaru ma can ya ƙare. Madugu kuwa in ya zo, ba fada yake tambaya ba, mai gidansa yake tambaya. Aka ce masa ya koma Kete, sai ya karkata akalar ayari. Sarki yana iya aikawa a kamo masa ɓarawo, amma babu dogarin da zai kamo masa kasuwa.

Daga nan sauran mulkin Isifa ya zama neman yadda garin zai dawo, a daidai lokacin da manyan kuraye suka kewaye shi. Tun 1888 Ingila da Jamus suka zauna can Turai suka shata wani yanki da ya haɗa Salga da Yendi, suka ce ba na kowa ba ne a tsakaninsu, kada wani ya kafa tuta. Ba wanda ya tambayi Kpembe ko Ya Na, sarkin Dagbon. Kowannensu kuma yana leƙen ɗan'uwansa. Ingila tana da wani haziƙin ma'aikaci, Bafante mai auna ƙasa, George Ekem Ferguson, wanda ya riga ya ƙulla yarjejeniya da Dagbon a 1892. A 1894 ya ƙulla da Salga. A wajen Isifa abin yana da ma'ana: goro a hannun ƙasashen kudu yake, Ingila ce mai ƙarfi a can, wataƙila ta buɗe masa hanya. Amma a shekarar nan Jamusawa suka kafa bariki a Kete-Krachi, suka harbe bokan Dente, kasuwar Kete ta zama tasu. Farfaɗowar Salga asara ce a gare su, ga kuma 'yan gudun hijirar yaƙin 1892 a gindinsu suna kai ƙara. A 1896 hafsansu von Zech ya zo da sojoji ya ƙone abin da ya rage na garin.

Su ma waɗanda suka taya Isifa yaƙi ba su tsira ba. Ranar 4 ga Disamba 1896, a Adibo, kudu da Yendi kaɗan, dubban mayaƙan Dagbon da dawakai da bindigogin toka suka tari wata 'yar rundunar Jamus mai bindigogin zamani, aka yi musu mummunar ɓarna, aka shiga Yendi aka sa mata wuta, zamanin Ya Na Andani. Ferguson kansa an kashe shi a 1897 a wajen Wa, a hannun mutanen Samori. Isifa bai daɗe ba shi ma ya rasu. A Nuwamba 1899 Turawan biyu suka raba yankin, Salga ta faɗa hannun Ingila, Yendi hannun Jamus, aka tsaga Dagbon gida biyu har zuwa yaƙin duniya na farko. Abin da ya fi ɗaure kai, wannan rabo yana cikin takarda ɗaya da rabon tsibiran Samoa, can tsakiyar tekun Fasifik.

Shekarun Isifa a kan fata ba su kai yatsun hannu biyu ba. Ya dawo wa gidansa da hakkinsa, wannan ba a ƙwace masa. Bayan shekara saba'in da biyar, a 1967, wani da ya riƙe irin sarautarsa ta Kabache, J. A. Braimah, wanda ya yi minista a gwamnatin Nkrumah daga baya kuma ya zama Yagbonwura, babban sarkin Gwanja, ya haɗu da masanin nan Jack Goody suka fitar da littafi a kan yaƙin. Ku duba, jikokin sarauta suna da wanda zai rubuta hujjarsu, malamai sun bar takardunsu. Mai tallan fura da ta rasa rumfarta, da bawan da aka kora da kaya a ka zuwa Kete, su ba su bar ko layi ɗaya ba.

Ba sai na yi wa mutanen Yendi dogon bayani a kan rikicin ƙofofin sarauta ba. Kun ga Maris ɗin 2002, da aka kashe Ya Na Yakubu Andani na biyu a fadar Gbewaa, kun sha dokar ta-ɓaci, kun jira kusan shekara goma sha bakwai kafin a naɗa Ya Na Abukari na biyu a Janairun 2019, bayan sulhun da manyan sarakuna, Otumfuo da Nayiri da Yagbonwura, suka jagoranta. Mutanen Bawku kuwa, ku abin yana kan ku. Ba zan ce ga mai gaskiya a maganar fata ba, ba hurumina ba ne, akwai manya a kai. Abin da na sani shi ne tun ƙarshen 2021 da wutar rikicin sarautar Bawku ta sake tashi, an sha dokar hana fita, an hana hawa babur, kuma garin da yake kan iyakar ƙasa uku, inda mai albasa da mai shanu daga Burkina Faso da Togo suke haɗuwa, 'yan kasuwarsa da yawa sun kulle shaguna sun koma Bolga da wasu garuruwa. Duk wanda ya kafa rumfa a wani gari, ya sa 'ya'yansa a makarantar can, ya saba da masu saye, dawo da shi ba aikin sanarwa a rediyo ba ne.

Salga dai ba ta mutu ba. Tana nan, ita ce hedikwatar gundumar Gabashin Gwanja a yankin Savannah, tana da shugabanta na gwamnati da ofishinsa, Kpembewura yana Kpembe a kan fatarsa, rijiyoyin suna nan wasu har yau ana ɗiba, doya tana fita mota-mota. Kete da ta gaje ta kuwa, inda Alhaji Umaru ya yi limanci har ya rasu a 1934, tana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse Volta a Akosombo a 1965. Ruwan nan ya kuma yanke tsohuwar hanyar Kumasi zuwa Tamale da ta bi ta Salga, sai an jira jirgin fito tsakanin Yeji da Makango.

Kafin in tashi daga rumfar dattijon nan na tambaye shi, "Baba, naka goron ta ina yake zuwa?" Ya ɓare ɗaya ya miƙo mini rabi, ya ce a babbar mota, ta Techiman da Kintampo da Buipe, ya kwana Tamale, da safe ya iso Yendi.